Babi na Bakwai: Idan An Yafe, Ina Haƙƙi?

Akwai tambayar da masu bi da yawa suke riƙe da ita a zuci, wasu su furta ta gaban fasto, wasu su bar ta sai an tashi daga sujada ana hira a bakin ƙofar coci: idan Almasihu ya umarci mabiyansa su yafe wa wanda ya cuce su, shin wanda ya zubar da jini ko ya cinye dukiyar marayu zai kama gabansa ke nan babu mai ce masa uffan? Tambayar tana da nauyi, domin galibi mai yin ta mutum ne da yake son ya yi biyayya ga abin da ya ba da gaskiya gare shi, amma yana jin cewa akwai haƙƙin da zai salwanta da zarar ya buɗe baki ya ce ya yafe. Amsar da wannan babi zai gina ita ce, a koyarwar Kirista gafara da adalci suna tafiya tare, kowanne da aikinsa da wanda aka ɗora wa nauyinsa, kuma yawancin ruɗanin yana tasowa ne idan aka nemi ɗaya ya yi aikin ɗaya.

Shekarar da ta gwada Suleja

Suleja gari ne da ya saba da baƙi tun kafuwarsa, domin Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau wanda jihadi ya fitar daga Zariya, shi ya kafa shi a 1828 cikin ƙasar Gbagyi da Koro, kuma garin ya riƙe sunan Abuja har lokacin da dokar 1976 ta samar da sabon babban birnin tarayya aka ba shi sunan, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Kusancinsa da babban birnin ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na Nijeriya suka cika unguwar Kwamba da garin Madalla da kewayensu, inda kuɗin haya ya fi na Abuja sauƙi, har ya zama a layi ɗaya ana samun masallaci da coci, a gidan haya ɗaya kuma mutanen harsuna huɗu ko biyar suna ɗibar ruwa a rijiya guda.

A 2011 ne wannan zaman ya gamu da jarrabawa mai tsanani. Ranar 8 ga Afrilu, ana gobe zaɓen 'yan majalisar tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe da ke Kwamba, inda ma'aikatan wucin gadi, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima, suka taru don duba wuraren da aka tura su, ya kashe fiye da mutum 10. Ranar 10 ga Yuli wani ya tashi a wata coci cikin garin, sa'an nan da safiyar Kirsimeti, 25 ga Disamba, mota ɗauke da bam ta tarwatse a gaban cocin Katolika ta St. Theresa da ke Madalla daidai lokacin da jama'a suke fitowa daga sujada, mutum kimanin 40 suka rasu, wasunsu 'yan gida ɗaya. Ƙungiyar Boko Haram ta ɗauki alhakin harin, kuma ranar 31 ga Disamba Shugaba Goodluck Jonathan ya ziyarci wurin, ya kuma kafa dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomi 15 na jihohi huɗu, har da Suleja.

Washegarin harin, 26 ga Disamba, ita ce ranar da ikilisiya take tunawa da Istifanus, mutum na farko da aka kashe saboda sunan Almasihu, wanda littafin Ayyukan Manzanni ya nuna yana roƙa wa masu jifansa gafara yayin da yake mutuwa. Bayan haka kuma babu sujadar Katolika da ake kammalawa ba tare da Addu'ar Ubangiji ba, addu'ar da take sa mai roƙo ya ɗaure gafarar da yake nema wurin Allah da gafarar da yake yi wa mutane. Waɗanda suka binne 'yan'uwansu a Madalla sun ci gaba da furta wannan addu'a kowane mako, saboda haka tambayar da aka buɗe babin da ita ta zame musu abin da suke tashi da shi suke kwana da shi.

Kalma ɗaya, fuska biyu

Harshen Hausa kansa yana da mabuɗin fahimtar wannan al'amari, wato kalmar fansa. Idan aka ce mutum ya ɗauki fansa, ana nufin ya rama abin da aka yi masa. Idan kuma aka ce an fanshi mutum, ana nufin an biya wani abu aka kuɓutar da shi, kamar yadda a zamanin bauta dangi sukan tara dukiya su fanshi ɗan'uwansu, ko kuma bawan da yake biyan murgu, wato kuɗin da yake ba ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, ya tara rarar har ya kai ga fansar kansa. A yau ma duk wanda ya san hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san abin da ake kira kuɗin fansa. Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne sanin cewa ɓarna tana barin bashi, kuma bashin ba ya ɓacewa don an rufe ido. Bambancinsu yana ga wanda zai biya.

A kan wannan gaɓa ce ilimin tauhidin Kirista, wato nazarin abin da aka gaskata game da Allah da aikinsa, ya kafa bayaninsa na gicciye. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, yana kiran aikin Almasihu fansa, masu bi kuma suna kiransa Mai Fansa, ma'ana shi ne wanda ya ɗauki asarar da zunubi ya jawo a kan kansa maimakon ya karɓe ta daga hannun masu laifin. Malamai sun bayyana wannan ta hanyoyi dabam-dabam: iyayen ikilisiya na ƙarnukan farko sun fi jaddada nasarar da aka ci a kan mutuwa da Shaiɗan, shi kuma Anselm, babban bishop na Kantabiri a Ingila, ya yi bayani a ƙarshen ƙarni na 11 ta fuskar bashin girmamawa da ɗan Adam ya kasa biyan Mahaliccinsa. Duk da bambancin, sun haɗu a kan cewa Allah bai ɗauki zunubi wasa ba, kuma gafararsa ta ci masa wani abu.

Misali daga kasuwa zai sauƙaƙa maganar. Ɗan kasuwar da ya ba abokin ciniki buhun shinkafa 10 bashi a kasuwar IBB ta Suleja, daga baya ya ce ya yafe, bai sa shinkafar ta dawo shagonsa ba. Giɓin yana nan a littafin lissafinsa, shi ne kawai ya yarda ya ɗauke shi. Kowace gafara ta gaskiya haka take, kuma shi ya sa take da zafi.

Lissafin bashi biyu

A sura ta 18 ta Bisharar Matiyu, Bitrus ya tambayi iyakar sau nawa ya kamata a yafe wa ɗan'uwa, yana ganin sau bakwai ya kai maƙura, sai Yesu ya ninka masa adadin ninkin da yake nuna cewa a daina ƙirga, ya kuma biyo da misali, wato labarin da ake ƙagawa don koyarwa. Wani sarki yana bin baransa talanti 10,000, ya yafe masa duka, amma da baran ya fita ya gamu da abokin aikinsa da yake bi dinari 100, sai ya shaƙe shi ya sa aka ɗaure shi. Nauyin misalin yana cikin alƙaluman. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini guda, talanti ɗaya kuma ya kai kimanin dinari 6,000, saboda haka bashin farko dinari 60,000,000 ne, abin da lebura mai aikin kwana 300 a shekara zai shafe shekara 200,000 yana biya, na biyun kuwa aikin wata huɗu ne.

Abu biyu ne suke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, dalilin da Kirista yake yafewa yana bayansa ne, wato abin da aka riga aka yi masa, don haka gafararsa ba ta dogara ga cancantar mai laifi ba. Na biyu, wanda sau da yawa ake tsallakewa, shi ne cewa misalin bai ce dinari 100 ba kuɗi ba ne. Ladan wata huɗu babbar asara ce ga talaka, kuma Yesu ya ambaci adadinta daidai. Mai gafara yana da ikon faɗin abin da aka yi masa da sunansa da girmansa, domin abin da ba a amince laifi ne ba, babu yadda za a yafe shi.

Haƙuri dabam, gafara dabam

Hausawa suna ɗaukaka haƙuri, har suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma Sabon Alkawari ma ya lissafa shi cikin halayen da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a zuciyar mai bi. Sai dai a bakin mutane, "yi haƙuri" yakan zama hanyar rufe magana, musamman idan wanda aka cuta ba shi da ƙarfi: gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gida, ko matar da take shan duka, ko ɗan aikin da aka hana albashinsa. Mutum yana iya yin shiru shekara 20 yana haɗiye baƙin ciki, a yaba masa da haƙuri, alhali bai yafe ba ko kaɗan, ya dai rasa yadda zai yi ne. Gafara shawara ce da mutum yake yankewa da saninsa cewa ya sauke haƙƙinsa na ramawa da hannunsa, ya kuma daina fatar halakar wanda ya cuce shi, kuma tana iya tafiya tare da kuka da ƙara da faɗin gaskiya.

Littafi Mai Tsarki bai hana wanda aka zalunta kuka ba, ya ma tanadar masa kalmomin yin sa. Wani babban kaso na Zabura 150 koke-koke ne, wasu kamar ta 109 da ta 137 suna ɗauke da fushi mai zafin da mai karatu zai yi mamakin samunsa a littafin addu'a, akwai kuma littafi guda mai suna Makoki wanda aka rubuta a kan rushewar Urushalima. Hikimar ita ce, fushin da aka kai gaban Allah ya bar hannun mai shi ya koma hannun alƙali wanda ba ya kuskure. A nan maganar nan ta "Allah ya isa" take buƙatar a auna ta. A ainihin ma'anarta tana kusa da abin da Manzo Bulus ya koyar a sura ta 12 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, cewa mai bi ya bar wa Allah sakayya, amma yadda aka fi furta ta, la'ana ce da ake jira a ga ta kama mutum. Kirista yana miƙa shari'ar ga Allah yana sane da cewa Allah yana iya kai mai laifin ga tuba, kamar yadda ya yi da Shawulu, wanda ya goyi bayan kisan Istifanus daga baya ya zama Bulus ɗin da ake karanta wasiƙunsa.

Takobin hukuma

Wanda ya karanta sura ta 12 ta Romawa ya tsaya, rabin maganar ya ji. Sura ta 13 da ke biye da ita tana bayyana mai mulki a matsayin ma'aikacin Allah wanda aka ba takobi don hukunta mai mugunta, wato abin da aka cire daga hannun wanda aka cuta an danƙa shi ga hukuma. Bulus da kansa ya yi aiki da wannan: a Filibi, bayan an yi masa bulala aka kulle shi ba bisa doka ba, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukuntan suka zo da kansu suka ba shi haƙuri, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙararsa har gaban Kaisar. Mai bi da ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ya ba da shaida a kotu bai saɓa wa gafarar da ya yi ba, domin hukuncin yana kare waɗanda mai laifin zai cuta nan gaba, kuma ba shi da ikon yafe haƙƙin da ba nasa ba.

Haka al'amarin Suleja ya gudana. A watan Yuli na 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Bilkisu Aliyu, ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai bisa laifuffukan da suka haɗa da harin ofishin hukumar zaɓe, a ranar 20 ga Disamba na wannan shekarar kuma Mai Shari'a Adeniyi Ademola ya yanke wa Kabiru Sokoto irin wannan hukunci a shari'ar da ta biyo bayan harin Madalla. Ko da a ce kowane iyali da abin ya shafa ya yafe, shari'ar za ta ci gaba, domin a dokar Nijeriya gwamnati ce take gurfanar da mai irin wannan laifi. Masu karatun da suka san shari'ar Musulunci za su lura da wani bambanci, domin a can waliyyan wanda aka kashe suna da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, amma ko a can malaman Malikiyya sun bar wa hukuma ikon horar da mai kisan da aka yi wa afuwa.

Tarihin ikilisiya yana da misalai bayyanannu na wannan rabon aiki. Ranar 13 ga Mayu 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin St. Peter, Fafaroman ya sanar da gafararsa tun yana gadon asibiti, ya kuma ziyarce shi a kurkuku a watan Disamba na 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman ɗauri a Italiya har 2000. Tun kafin wannan da ƙarnuka, wajen shekara ta 412, Augustine bishop na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rubuta wa jami'in Rum mai suna Marcellinus game da mutanen da suka kashe wani firist suka kuma nakasa wani, ya nemi a hukunta su a tsare su, amma kada a kashe su, don su sami lokacin tuba. Abin da bangaskiya ta ƙara wa shari'a a nan shi ne manufa: hukuncin ya hana ɓarna, ya kuma bar ƙofar gyara a buɗe.

Tsaron ƙofa da ramuwar gayya

Bayan hare-haren wancan lokaci an riƙa jin wasu masu bi a arewacin Nijeriya suna cewa an mare su a kunci ɗaya sun juya na biyu, babu na uku da za su juya. Maganar tana nuni ga koyarwar Yesu a sura ta 5 ta Matiyu, kuma gajiyar da ke cikinta abin fahimta ce, sai dai tana haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Mari a kunci cin mutunci ne da ake yi wa mutum shi kaɗai, kuma abin da aka hana shi ne mayar da cin mutunci da irinsa. Yawancin malaman Kirista, ban da ɗariƙun da suka haramta kowane irin amfani da ƙarfi kamar Mennonite da Ekklesiyar 'Yan'uwa, sun yarda cewa kare rayukan waɗanda ke hannun mutum wajibi ne, suna kafa hujja da Nehemiya wanda ya sa masu gadi yayin da ake gina garun Urushalima. Shingen da ake sawa a ƙofar coci ranar Lahadi, da binciken jakunkuna, da matasan da suke tsayawa a bakin hanya, duk suna cikin wannan.

Ramuwar gayya wani abu ne dabam, domin kusan kullum tana faɗawa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kamar mai shayi ko ɗan acaɓa ko matafiyin da aka tare saboda sunansa ko tufarsa. Abin da ya faru a Yelwa ta jihar Filato a 2004 ya isa darasi: a watan Fabrairu aka kashe Kiristoci da dama, wasu a cikin coci, a watan Mayu aka kai harin ramuwa da ya kashe ɗaruruwan Musulmi, kwanaki kaɗan bayan haka aka huce a kan Kiristoci a Kano, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. A kowane zagaye masu kai harin sun ce haƙƙi suke ƙwatowa, a kowane zagaye kuma sababbin marayu aka samu. Dokar ido a madadin ido da ke cikin Attaura an ba alƙalai ita ne don ta iyakance hukunci ga mai laifin shi kaɗai kuma daidai da laifinsa, saboda haka ko ita ba ta halatta a ƙone unguwa saboda aikin mutum ɗaya ba.

Gafara ta mutum ɗaya, sulhu na mutum biyu

Kuskure na ƙarshe shi ne ɗauka cewa wanda ya yafe dole ne ya koma zama da mai laifin kamar babu abin da ya faru. Gafara tana iya fitowa daga ɓangare ɗaya, ko da mai laifin ya mutu ko ba a san shi ba, amma sulhu, wato mayar da dangantaka da amana, yana buƙatar tuba daga ɗaya ɓangaren, tuba kuma tana da alamu. Zakka mai karɓar haraji, a sura ta 19 ta Luka, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Yusufu, a ƙarshen littafin Farawa, bai bayyana kansa ga 'yan'uwan da suka sayar da shi ba sai da ya gwada su ya ga cewa ba za su yashe da ƙanensu Biliyaminu kamar yadda suka yashe da shi ba. Malamin tauhidi Bajamushe Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya kira shelar gafarar da ba ta neman tuba alheri mai araha, kuma ya ɗauke ta babbar cutar ikilisiya.

Kaduna tana da misalin yadda sulhu yake ɗaukar lokaci. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Sun haɗu a 1995 suka fara aiki tare, har suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai wadda daga baya ta taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwa da Shendam a 2005, amma Wuye ya sha bayyana cewa ya shafe shekaru yana tafiya da Ashafa ƙiyayyar tana nan a zuciyarsa kafin ta sake shi. Darasin da ke ciki shi ne, shawarar yafewa tana iya riga sanyin zuciya da shekaru, kuma dawowar ɓacin rai ba hujja ce cewa gafarar ƙarya ce ba. Tana nufin a sake sauke kayan, wanda wataƙila shi ne dalilin da ya sa aka hana Bitrus ƙirga.

A tsakar gida da bakin shago

Yawancin masu bi a Kwamba ba za su taɓa fuskantar wanda ya dasa bam ba, amma kowannensu yana da maƙwabcin da ya ci masa iyaka, ko wadda ta karɓi kwasar adashi ta daina zubi, ko ɗan'uwan da ya sayar da gonar gado ba da sanin kowa ba, kuma a irin waɗannan ne ake koyon abin da za a buƙata ranar babbar masifa. Sura ta 18 ta Matiyu ta shimfiɗa matakai: a fara samun mai laifin a keɓe, in ya ƙi ji a tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai maganar gaban ikilisiya. Tsarin yana kama da yadda ake bi ta wurin dattijon gida da mai unguwa kafin a kai ga alƙali, kuma manufarsa a rufa asirin mutum gwargwadon iko ba tare da an binne gaskiya ba.

Nauyi na musamman yana kan dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata, waɗanda ake fara kai wa ƙara. Idan suka gaggauta cewa a yafe tun kafin su saurari wanda aka cuta, ko suka fi matsa wa mai rauni lamba saboda mai laifin yana ba da baiko mai tsoka, sun mayar da koyarwar gafara sanda a hannun azzalumi. Horon ikilisiya, wato dakatar da mai laifi daga Jibin Ubangiji ko daga muƙami har ya nuna tuba, an kafa shi ne don a gaya wa wanda aka cuta cewa an ga abin da aka yi masa, a kuma gaya wa mai laifin cewa ana jiran dawowarsa. Laifin da ya shafi rai ko fyaɗe ko cin zarafin yara kuwa na hukuma ne, kuma ikilisiyar da ta ɓoye shi da sunan sulhu ta shiga cikin laifin.

Haƙƙi, ke nan, bai salwanta ba idan mai bi ya yafe: ramuwa ta koma ga Allah, hukunci ga hukuma, maido da amana kuma ga tubar mai laifi, abin da ya rage a hannun wanda aka cuta shi ne ya ƙi barin ɓarnar ta mayar da shi irin wanda ya yi ta. Sai dai sauke ƙiyayya mafari ne kawai, domin mutanen da suke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya suna bin juna fiye da rashin cutarwa. Babi na gaba zai ɗauki tambayar da wani masanin Attaura ya yi wa Yesu game da wane ne maƙwabci, ya kuma auna ta da abin da Imam Abubakar Abdullahi ya yi a ƙaramar hukumar Barikin Ladi a watan Yuni na 2018, lokacin da ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa.